Ɗahiru Da ƊAHIRU Mutum Ɗaya Ne: Yadda Ake Zaɓen Hanyar Kwatanta Rubutu A Manhaja

Duk wanda ya taɓa haɗa jerin sunaye a kwamfuta a Ambursa ko Birnin Kebbi ko Argungu ya san wannan ciwon kai. Sakataren ƙungiyar manoman shinkafa ya kawo nasa jerin da manyan baƙaƙe zalla, domin haka ya saba cike fom ɗin banki. Malamin makaranta ya rubuta nasa yadda aka koya masa tun firamare, babban baƙi a farko, sauran ƙanana. Yaron shagon kwamfuta kuwa da waya ya turo nasa, duk da ƙananan baƙaƙe. A idon mutum, AMBURSA da Ambursa da ambursa gari ɗaya ne. A wurin kwamfuta abubuwa uku ne daban, sai fa in mai rubuta manhajar ya gaya mata ta ɗauke su ɗaya.

Abin ya wuce batun kyan rubutu. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a jihar Kebbi a watan Nuwamban 2015, manomin fadamar Rima ya saba da shiga rajista iri-iri. Haka ɗalibi, haka majinyaci, haka maniyyaci. Idan manhaja ta kasa gane cewa suna biyu ɗaya ne, sai a ƙirga mutum sau biyu, ko a neme shi a rasa alhali yana cikin jerin. Idan kuma ta yi sassauci fiye da kima, sai ta haɗe mutum biyu a layi ɗaya, haƙƙin wani ya tafi hannun wani.

Kowane yaren shirya manhaja yana da hanya uku ko huɗu na kwatanta rubutu ba tare da kula da girman baƙi ba, kuma yawancin darussan da ake koyo da su an rubuta su ne da haruffan Ingilishi a zuciya. Wannan jagora na ɗalibin kwamfuta ne a Kwalejin Waziri Umaru ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko jami'ar jiha da ke Aliero, da duk mai shirya manhajar da sunayen Hausawa za su shiga cikinta.

Abin da kwamfuta take gani

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin ASCII, wanda ya fito a 1963, babban A lamba 65 ne, ƙaramin a kuma 97. Tsakanin kowane babban baƙi da ƙaraminsa akwai tazarar 32 daidai, daga A har Z. Saboda wannan sauƙin, tsofaffin hanyoyin kwatanci ba su wahala: in lamba ta faɗo tsakanin 65 da 90, a ƙara mata 32, shi ke nan.

Haruffanmu masu ƙugiya, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, ba sa cikin haruffa 128 na ASCII. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya ba su gurbi. Babban Ɓ lamba 385 ne, ƙaramin ɓ 595. Babban Ɗ 394, ƙaramin ɗ 599. Babban Ƙ 408, ƙaramin ƙ 409. Babban Ƴ 435, ƙaramin ƴ 436. Dubi tazarar da kyau: 210 a na farko, 205 a na biyu, ɗaya tak a sauran biyun. Babu lissafi guda da zai kai ka daga babba zuwa ƙarami, dole sai an duba teburin Unicode. Ƙari a kan haka, a tsarin ajiya na UTF-8 kowane ɗaya daga cikinsu bayit biyu yake ci, saboda haka umarnin da ke tafiya bayit bayan bayit ba zai ma gan shi a matsayin harafi guda ba.

Daga nan duk matsalar ta taso. Umarnin da ya san ASCII kawai zai ce maka BELLO da Bello ɗaya ne, ka yi murna aiki ya yi. Ranar da aka shigar da ƊAHIRU da ɗahiru sai ya ce daban suke, domin ya daidaita haruffa biyar na baya ya bar na farko yadda yake. Larabci da Ajami ba su da babba da ƙarami, wannan nauyi ne da ya zo tare da boko.

Tambayar farko: wane irin rubutu ne a gabanka?

Kafin ka taɓa kowane umarni, tsaya ka raba rubutun da ke manhajarka gida uku.

Na farko rubutun inji: lambar shiga makaranta mai haɗe da haruffa, sunan mai amfani da manhaja, ƙarshen sunan fayil, adireshin shafin intanet, kalmomin umarni. Wannan ba harshen kowa ba ne. Ana son sakamakonsa ya zama iri ɗaya a kowace na'ura, ko an saita ta da Hausa ko Faransanci ko Turkanci.

Na biyu rubutun mutane: sunan mutum, sunan gari, sunan kaya a shago, abin da ake nema a akwatin bincike, jerin da za a buga a manna a allo bisa tsarin abacada. Nan ƙa'idar harshe ce ke aiki.

Na uku wanda ba a sassauta masa ko kaɗan: kalmar sirri, makullan tsaro, da lambobin da aka ƙirƙira da gangan su bambanta babba da ƙarami. Wanda ya saukar da kalmar sirri zuwa ƙananan baƙaƙe kafin ya adana ta ya rage mata ƙarfi da hannunsa, ya sauƙaƙa wa ɓarawo aiki. A bar ta yadda mai ita ya buga ta.

Mafi yawan kurakurai suna zuwa ne daga amfani da hanyar gida ɗaya a wani gidan.

Hanya ta ɗaya: saukar da duka biyun zuwa ƙananan baƙaƙe

Ita kowa ke fara koya. A mayar da rubutun biyu ƙanana da lower a Python, ko toLowerCase a Java da JavaScript, ko ToLower a C#, sannan a duba ko sun zama ɗaya. A waɗannan yaruka tana sarrafa Ɓ da Ɗ da Ƙ daidai, kuma ga ƙaramin aiki ba laifi. Amma tana da tarko biyu.

Tarko na farko saitin harshen na'ura. A Java da C#, idan ba ka faɗi harshe ba, umarnin yana bin harshen da aka saita na'urar da shi. Turkiyya, tun da ta koma haruffan Latin a 1928, tana da i iri biyu, mai ɗigo da marar ɗigo, kuma ƙaramin babban I a wurinsu shi ne ı marar ɗigo. Ke nan a na'urar da ke kan Turkanci, BIRNIN KEBBI zai sauka ya zama bırnın kebbı, wanda ba zai taɓa dacewa da birnin kebbi ba. Kada ka ce ina ruwanka da Turkiyya: manhajar da ka saka a intanet ba ka san hannun da za ta faɗa ba, ga ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da ke can. Maganin abin mai sauƙi ne. A Java ka ba umarnin Locale.ROOT, a C# ka yi amfani da ToUpperInvariant, wanda shi kamfanin Microsoft ya fi ba da shawara a kai. A Python da JavaScript wannan tarkon bai shafi umarnin da aka saba da shi ba.

Tarko na biyu yana PHP, yaren da ɗalibai da yawa ke yin aikin kammala karatu da shi. Umarnin strtolower ba ya sauya haruffa masu ƙugiya da ke cikin UTF-8. Wanda ke sauya su shi ne mb_strtolower. Bambancin haruffa uku ne a sunan umarnin, amma shi ne tsakanin samun Ƙasimu da rasa shi.

Hanya ta biyu: kwatanta lamba da lamba tare da kau da kai ga girma

Nan ba a ƙirƙiro sabon rubutu, umarnin yana bin haruffan biyu ɗaya bayan ɗaya yana daidaita girmansu yayin da yake tafiya. A C# shi ne string.Equals tare da zaɓin OrdinalIgnoreCase, a Java equalsIgnoreCase, a Kotlin equals tare da kunna ignoreCase. Suna da sauri, ba sa bin saitin harshen na'ura, suna kuma duba teburin Unicode, don haka sun san ɗ da Ɗ. Ga rubutun inji, wannan ita ce hanyar da ta dace, kuma wanda ya karanta manhajarka daga baya zai gane nufinka nan take.

Sai dai a yi hattara da masu kama da su a suna. Umarnin strcasecmp na C da na PHP bayit bayan bayit suke tafiya, haruffan Ingilishi 26 kawai suke daidaitawa a rubutun UTF-8. Sun isa wajen gane cewa JPG da jpg ɗaya ne. Ba su isa ga sunan Bahaushe ba.

Hanya ta uku: naɗe girman baƙi bisa teburin Unicode

Unicode ta tanadi tebur na musamman wanda ba don nuna rubutu aka yi shi ba, don kwatanci kawai. Python tana da shi da sunan casefold tun fitowar 3.3 a 2012, PHP kuma tana da MB_CASE_FOLD a cikin mb_convert_case tun fitowar 7.3. Ga haruffan Hausa sakamakonsa ɗaya ne da na saukarwa zuwa ƙanana. Bambancin yana fitowa a wasu harsuna: harafin Jamusanci ß yana zama ss, ƙananan sigma biyu na Girkanci suna komawa ɗaya. Tunda ba ya cin komai ƙari, duk inda kake da shi ka fifita shi a kan lower wajen haɗa makullin kwatanci.

Wannan hanyar tana da abokiyar tafiya, wato daidaita sigar harafi. Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin, kuma sunayen da aka rubuta da ƙa'idar Faransanci suna shigowa rajistar asibiti da ta kasuwa ta Kamba da sauran garuruwan iyaka. Harafin ï da ke cikin Aïchatou yana iya zuwa a lamba guda, yana kuma iya zuwa a lamba biyu, i daban ɗigo biyun daban. A fuskar kwamfuta ba ka ganin bambanci, amma kwatanci zai ce daban suke. Haka wasulan da aka ɗora wa alamar karin sauti a ƙamus. Umarnin normalize tare da sigar NFC, wanda ke Python da Java da JavaScript da C#, shi ke mayar da su siga ɗaya.

Hanya ta huɗu: kwatanci bisa ƙa'idar harshe

Idan abin da kake so shi ne jera sunaye yadda malami zai nemi suna ya same shi a inda ya zata, hanyoyi ukun da suka gabata ba za su yi ba. Jeri bisa lamba zai jefa Ɗahiru da Ƙasimu can ƙasa bayan Zainab, domin 394 da 408 sun fi lambar Z. Abin da ake bukata shi ne mai jerantawa da ya san harshe: Intl.Collator a JavaScript, Collator a Java da Android, StringComparer mai bin ƙa'idar harshe a C#, wanda tun .NET 5 a 2020 ya dogara da ɗakin karatun ICU. Ma'adanar bayanan harsuna ta Unicode, wato CLDR, tana da ƙa'idar Hausa a ƙarƙashin alamar ha: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sh bayan s, ts bayan t.

Mai jerantawa yana da matakan tsanani. Mataki na ɗaya yana duban asalin harafi kawai, na biyu yana ƙara da alamomin da ke kan wasali, na uku yana ƙara da girman baƙi. Wanda ke son kau da kai ga girma kawai, mataki na biyu zai zaɓa: SECONDARY a Java, ko sensitivity a kan accent a JavaScript. Ba kowace waya ko manhajar shiga intanet ke ɗauke da ƙa'idar Hausa ba, saboda haka ka jera sunaye goma ka duba da idonka a na'urar da za a yi aikin da ita. Wannan hanya ta fi sauran nauyi, kuma sakamakonta na iya sauyawa idan aka sabunta ɗakin karatun, don haka ba a gina makullin rumbun bayanai ko binciken tsaro a kanta. Aikinta nunawa da jerantawa.

Ƙugiya ba girman baƙi ba ce

Nan ne ya kamata mai shirya manhaja Bahaushe ya fi kowa natsuwa. Girman baƙi kamar hula ne: mutum ya sa ko ya cire, shi ne dai. Ƙugiya kuwa harafi ce daban. Baki ba baƙi ba ne, kara ba ƙara ba ne. Unicode ma haka ta ɗauke su: ƙ ba k ce da aka ɗora wa alama ba, harafi ne mai zaman kansa da ba ya rabuwa. Shi ya sa dabarar da ake koyarwa ta cire alamomi daga haruffan Faransanci, wadda ke mayar da é ta zama e, ba ta taɓa ƙ ko ɗ ko ɓ. Babu kuma ɗaya daga hanyoyi huɗun nan da za ta ce maka Dahiru da Ɗahiru ɗaya ne.

Amma a zahiri mutane suna rubuta duka biyun. Je ka filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa lokacin tashin alhazai ka dubi fasfo. Layuka biyun da inji ke karantawa a ƙasan shafin hoto, bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ba sa ɗaukar komai sai manyan baƙaƙe daga A zuwa Z da lambobi da alamar cike gurbi. Babu ƙugiya, babu hamza. Ɗahiru Sa'idu na rajistar unguwa shi ne DAHIRU SAIDU na fasfo. Wanda zai haɗa jerin biyu dole ya san da wannan.

Hamza ma da nata rikicin. Alamar da ke cikin Sa'idu da A'isha da Mas'udu tana zuwa a lamba uku aƙalla: miƙaƙƙiya ta allon rubutu mai lamba 39, lanƙwasasshiya mai lamba 8217 wadda Microsoft Word da wasu wayoyi ke sauyawa da kansu, da mai lamba 700 wadda Unicode ta ware a matsayin harafi. Ga kuma 'y da ake rubutawa a Nijeriya, wadda a Nijar ƴ ce.

Mafita ita ce makulli biyu. Makulli mai tsanani yana kau da kai ga girman baƙi da sigar hamza da yawan fili, amma yana riƙe ƙugiya. Makullin bincike mai sassauci yana ƙarawa da mayar da ɓ zuwa b, ɗ zuwa d, ƙ zuwa k, ƴ da 'y zuwa y, ya kuma zubar da hamza, kuma wannan ɗan teburin da hannunka za ka rubuta shi. Da mai sassauci ake nemo waɗanda suka yi kama a nuna wa ma'aikaci. Ba a haɗe layi biyu ko a goge ɗaya bisa hukuncinsa.

Rumbun bayanai da Excel

Sau da yawa manhajar ta yi daidai, rumbun bayanai ne ke warware aikin.

SQLite, wanda ke cikin kowace wayar Android, yana da NOCASE, amma haruffan ASCII 26 kawai yake daidaitawa. Haka LIKE da lower da upper nasa, in ba a haɗa shi da ICU ba. Manhajar tattara bayanan manoma da ke aiki a waya ba tare da intanet ba, in ta dogara da waɗannan, tana iya rasa ƊANLADI idan aka nemi ɗanladi. Ka haɗa makullin a cikin manhaja, ka adana shi a nasa gurbin.

MySQL da MariaDB suna bin ƙa'idar jerantawar da aka saita wa tebur. Sunan da ya ƙare da ci ba ya kula da girma, mai cs yana kula, mai bin yana bin lamba zalla, mai ai kuma yana kau da kai har ga alamomin kan wasali. MySQL 8.0 na 2018 yana zuwa da utf8mb4_0900_ai_ci. Tabbatar teburinka da mahaɗarka duk suna kan utf8mb4, in ba haka ba ƙugiya na iya komawa alamar tambaya tun kafin a zo maganar kwatanci.

PostgreSQL yana bambanta girma a alamar daidai. Yana da ILIKE da citext, kuma tun fitowa ta 12 a 2019 yana karɓar ƙa'idar ICU marar kula da girma. Idan an kafa rumbun da saitin C, lower nasa haruffan ASCII kawai yake taɓawa. A SQL Server kuwa, ka adana suna a NVARCHAR, ka sa N gaban rubutun da kake turawa.

Batun sauri a nan yake da muhimmanci. Idan ka nannaɗe gurbin suna da lower a cikin tambayarka, rumbun ba zai iya amfani da fihirisar da aka gina a kan sunan ba, sai ya bi layi ɗaya bayan ɗaya. Gurbin makulli mai fihirisarsa yana kawar da wannan. Haka a cikin manhaja: kwatanta jerin mutum 10,000 da wani jerin 10,000 suna da suna kwatanci miliyan 100 ne, alhali in ka haɗa makullin kowane suna sau ɗaya ka zuba a ƙamus, juyi 20,000 ne da dubawa 10,000.

A Excel alamar daidai da VLOOKUP da SEARCH ba sa kula da girma, EXACT da FIND suna kula. Ka guji gyara sunaye da PROPER, domin yana ɗaga duk harafin da ya biyo bayan alama, sai sa'idu ya zama Sa'Idu. Umarnin title na Python ma haka yake yi.

Akwai kuma abin da ke kayar da ɗalibai ranar gabatar da aiki. Windows ba ya bambanta Hoto.JPG da hoto.jpg, Linux yana bambantawa, har da sunayen teburan MySQL. Shafin da ya yi aiki a kwamfutar ɗaki sai ya ƙi buɗe hotuna da zarar an ɗora shi a sabar. Ka riƙe ƙananan baƙaƙe a sunayen fayil da tebur tun daga farko.

Tsarin aiki daki-daki

1. Adana sunan yadda mai shi ya ba da shi, da ƙugiyarsa da hamzarsa. Wannan gurbin ba a taɓa shi, shi ake bugawa a takarda.
2. Yi kwafe, ka daidaita sigarsa da NFC.
3. Cire filin gaba da na baya, ka mayar da fili biyu ko uku na tsakiya ɗaya.
4. Mayar da hamza iri ukun zuwa ɗaya.
5. Naɗe girman baƙi da casefold, ko makamancinsa da ba ya bin saitin na'ura, ka sake daidaita sigar. Wannan shi ne makulli mai tsanani.
6. Daga shi ka fitar da makullin bincike ta hanyar sauke ƙugiya da zubar da hamza.
7. Adana makullan biyu, kowanne da fihirisarsa.
8. Rubuta wannan aikin a wuri ɗaya tak cikin manhajar, kowane sashe ya kira shi daga can. Idan shafin rajista yana bin hanya ɗaya, shafin bincike yana bin wata, rikici na nan tafe.

Gwajin da ba a tsallakewa

Kafin ka miƙa aiki, gwada waɗannan. Argungu da ARGUNGU su zama ɗaya. Ɗahiru da ɗahiru da ƊAHIRU su zama ɗaya. Ƙasimu da ƙasimu su zama ɗaya. Baki da baƙi su bambanta a makulli mai tsanani, su haɗu a na bincike. Sa'idu mai miƙaƙƙiyar hamza da mai lanƙwasasshiya su zama ɗaya. Suna mai fili a ƙarshe ya dace da marar fili. Gurbin da aka bari babu komai kada ya kayar da manhajar. Sauya harshen na'urar zuwa Turkanci ka maimaita gwajin da BIRNIN KEBBI. Sannan ka jera Bala, Dauda, Ɗahiru, Kabiru, Ƙasimu, Sani, Shehu, Zainab, ka ga ko sun fito a wannan tsari. Ka yi gwajin a kan rumbun bayanai na ainihi da wayar ainihi, ba a kwamfutarka kaɗai ba.

Inda kwatancin rubutu ya tsaya

Ko ka yi duk wannan, akwai iyaka. Muhammad da Muhammadu da Mohammed da Mamman na iya zama mutum ɗaya, babu umarnin da zai gane haka ta girman baƙi. Ta ɗaya ɓangaren, a garin da mutane da yawa ke ɗaukar sunan garin a matsayin sunan ƙarshe, Abubakar Muhammad Ambursa na iya zama mutum biyar, kowa da gonarsa da iyalinsa. Suna ba shaida ba ne. Abin da ke raba mutum da mutum lamba ce: NIN ko BVN, kowacce mai alƙaluma 11, ko lambar da manhajarka ta ba shi ranar rajista. Ka adana irin waɗannan lambobi a matsayin rubutu domin kada sifilin farko ya ɓace, ka kuma kiyaye su kamar amana. Inda suna ya yi kama amma lamba ta bambanta, mutum ne zai duba ya yanke hukunci.

A taƙaice, ga rubutun inji ka ɗauki kwatancin lamba marar kula da girma. Ga makullin suna ka ɗauki casefold tare da daidaita siga. Ga jerin da mutane za su karanta ka ɗauki mai jerantawa da ya san Hausa. Kalmar sirri kuwa kada ka taɓa ta.

Kira na ga malaman kwamfuta a Birnin Kebbi da Aliero da Argungu shi ne su sa Ɗ da Ƙ da Ɓ cikin misalan aji tun darasin farko na sarrafa rubutu, kuma kada su karɓi aikin ɗalibi sai sun buga suna mai ƙugiya a akwatin bincikensa sun ga ya fito. Kai kuma mai shirya manhaja, kada ka tilasta wa mutum ya sauke ƙugiyar sunansa don manhajarka ta gaza. Gyara manhajar, sunan nasa ne.